GWARAZAN MATA: Cut Nyak Din, Matar Da Ta Yi Shekara 30 Tana Yaƙi Da 'Yan Mamaya

A wannan fitowa uwargida sai ki gyara zama, don tafiyar mai nisa ce. Za mu ƙetare teku har tsibirin Sumatra da ke ƙasar Indunusiya ta yau, mu ziyarci wata 'yar ƙaramar daula mai suna Aceh, mu ji labarin wata baiwar Allah da ta rasa maza biyu a fagen fama, aka ƙone mata gida, ta tsufa a ƙungurmin daji har idanunta suka dushe, amma ba ta taɓa sa hannu a takardar miƙa wuya ba. Sunanta Cut Nyak Din. Kada rubutun sunan ya ba ki wahala, harafin farko ana furta shi ne kamar yadda muke furta na farkon kalmar cokali.

Ƙasar da ake wa kirari da Farfajiyar Makka

Kafin mu shiga tarihinta, ya kamata ki san ƙasar da ta haife ta. Aceh tana can ƙarshen arewacin Sumatra, a bakin mashigin ruwan Malaka, hanyar da jiragen ruwa ke bi tsakanin Indiya da Sin. Yankin na daga cikin wuraren da Musulunci ya fara kafuwa a wannan nahiya, kuma daga nan maniyyatan tsibiran suka saba shiga jirgi zuwa aikin Hajji, shi ya sa ake yi mata kirari da Farfajiyar Makka. Wani abin da zai ba ki sha'awa shi ne, daga 1641 zuwa 1699 mata huɗu ne suka mulki daular ɗaya bayan ɗaya, ta farkonsu ita ce Sarauniya Safiyatuddin. Kin ga ke nan fitowar jarumar mace a wannan ƙasa ba baƙon abu ba ne.

Allah Ya albarkaci Aceh da noman masoro. A wajen shekarun 1820 kusan rabin masoron da ake ci a duniya daga can yake fitowa. To, kin san mai abu a hannu ba ya rasa masu kallo. A lokacin Turawan Holan sun daɗe da mallake tsibirin Jawa da sassa da yawa na Sumatra, Aceh ce ta rage tana cin gashin kanta, da sarkinta da tutarta da jakadunta.

Yadda aka yi cinikinta ba ta wurin

A 1824 Ingila da Holan suka ƙulla yarjejeniya a Landan suka raba yankin a tsakaninsu, kuma a cikin fahimtar da suka yi Holan ta ɗauki alkawarin ba za ta taɓa 'yancin Aceh ba. Haka aka zauna kusan shekara 50. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, sai hanyar Malaka ta ƙara daraja, kwaɗayi ya motsa. A 1871 ƙasashen biyu suka sake zama, Ingila ta janye hannunta, ta sakar wa Holan mara ta yi yadda ta ga dama da duk Sumatra.

Ko kin san cikin abin da Ingila ta karɓa a wannan musaya? Akwai garuruwan da Holan ke riƙe da su a gaɓar tekun ƙasar Gana ta yau, ciki har da Elmina, wanda aka miƙa wa Ingila a 1872. Wato dai an ɗauki mutanen Afirka ta Yamma da mutanen Sumatra an yi musayarsu a teburi ɗaya kamar buhunan hatsi, ba a tambayi waɗannan ba, ba a tambayi waɗancan ba. Har ma akwai sojoji baƙar fata da Holan ta ɗiba daga Elmina tun kafin wannan lokaci, waɗanda aka kai wasunsu yaƙin Aceh.

Da mutanen Aceh suka ga hadari ya haɗo, sai suka shiga neman mafita. Wakilansu sun gana da jakadun Amurka da Italiya a Singafo. An tura babban jakada Habib Abdurrahman az-Zahir zuwa Santambul wajen Sarkin Musulmin Turkiyya, amma ya dawo ba tare da soja ko ɗaya ba, domin a lokacin ita ma daular Turkiyya ta kanta take yi. Labarin ganawar Singafo ne Holan ta riƙe hujja, ta shelanta yaƙi ran 26 ga Maris 1873. Hukumomin Ingila da ke maƙwabtaka kuwa suka hana a fitar wa Aceh da makamai daga tashoshinsu. Kowa ya juya mata baya.

Tasowarta

An haifi Cut Nyak Din a 1848 a garin Lampadang, cikin gundumar da ake kira Mukim Shida, ba nisa da fadar sarki. Mahaifinta Teuku Nanta Setia shi ne hakimin gundumar. Ta tashi cikin gata, ta yi karatun Alƙur'ani da na addini a gida da wajen malamai, ta kuma koyi abin da 'ya mace ke koya na riƙon gida. An aurar da ita da ƙuruciya ga Teuku Ibrahim Lamnga, shi ma ɗan sarauta ne. Da an bar ta, da rayuwarta ta ƙare kamar ta kowace matar basarake, cikin baranya da zinariya da renon jikoki. Tana da kimanin shekara 25 yaƙi ya zo ya same ta har gida.

A watan Afrilu 1873 Janar Kohler ya sauka gaɓar Aceh da sojoji kimanin 3,000, yana ganin aikin 'yan kwanaki ne. Suka nufi babban masallacin Baiturrahman, aka gwabza, wuta ta kama masallacin. Ran 14 ga watan aka harbe janar ɗin kansa a harabar wurin, rundunarsa ta koma jirgi da kunya. Mijin Cut Nyak Din na cikin waɗanda suka yi wannan gumurzu. Ita kuwa, ƙona masallacin nan ya tsaya mata a rai, ta riƙa zaburar da maza tana tuna masu cewa ɗakin Allah aka taɓa.

A ƙarshen shekarar Holan ta dawo da runduna ta fi 10,000 ƙarƙashin Janar van Swieten. A Janairu 1874 suka shiga fada suka tarar ba kowa. Sarki Mahmud Shah ya fice, bai jima ba cutar kwalara ta yi ajalinsa. Turawa suka yi shelar an gama yaƙi, Aceh ta zama tasu. Ashe ba su sani ba, somin taɓi ne. Jama'a suka naɗa sabon sarki, malamai irin su Teungku Cik di Tiro suka karɓi ragamar gwagwarmaya, aka koma yaƙin sari-ka-noƙe.

Takaba ta farko

A ƙarshen 1875 sojojin mamaya suka kutsa gundumar mahaifinta. Cut Nyak Din ta bar gida da ɗanta da sauran mata suka yi gudun hijira, mijinta ya tsaya fagen daga. 'Yar uwa, ki kwatanta a ranki: matar da ba ta saba da taka ƙasa ba, yau ga ta da goyo tana kwana inda dare ya yi mata. A haka ta yi shekaru tana ganin mijinta jefi-jefi, har ran 29 ga Yuni 1878 aka kawo mata labarin ya yi shahada a wani wuri da ake kira Gle Tarum. Ta yi alkawari a gaban jama'a cewa ba za ta huta ba sai ta ga bayan mamayar.

Bayan wani lokaci wani ɗan uwanta, Teuku Umar, matashi mai wayo da zafin nama, ya fito neman aurenta. Da farko ta ƙi. Ba ta amince ba sai da ya yarda da sharaɗinta, wato ba zai ajiye ta a gida ba, da ita za a riƙa fita fagen fama. Aka ɗaura aure a 1880, Allah Ya ba su 'ya mace aka sa mata suna Cut Gambang. Kin ji sharaɗin aure! Ba ta nemi gida ko gwala-gwalai ba, abin da ta sa gaba shi ta kawo teburin shawara tun kafin a shafa fatiha, kuma mijin ya cika mata.

Lokacin da maigida ya koma wajen abokan gaba

Nan ne jarrabawa mafi ɗaci ta same ta. A watan Satumba 1893 Teuku Umar ya tafi Kutaraja, wato Banda Aceh ta yau, da mutanensa, ya yi wa Holan mubaya'a. Suka yi murna, suka ba shi sarautar Johan Pahlawan, suka ba shi makamai da albashin sojojinsa, ya shiga yi masu yaƙi. Masu tarihi sun rabu a kan wannan al'amari: wasu na ganin tun farko dabara ce ta samun makamai, wasu na ganin neman mulki ne ya kai shi, daga baya ya sake tunani. Ko ma wanne ne, ki duba halin da matarsa ta shiga. Ita ce aka sani da ƙin 'yan mamaya, yau ga mijinta cikin kayansu. Jama'a na kiransa maci amana, ana yi mata kallon matar maci amana.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kuma bi shi a kan abin da take ganin kuskure ne ba. Ta zauna a ɗakinta, ta ci gaba da yi masa nasiha ba dare ba rana, tana jawo shi ya koma cikin mutanensa. A ƙarshen Maris 1896 Teuku Umar ya juya wa Holan baya, ya fice da bindigogi sama da 800 da harsasai 25,000 da tsabar kuɗi. Abin ya girgiza su har can Turai, aka sauke kwamandansu na Aceh. Don huce haushi suka banka wa gidan Cut Nyak Din da ke Lampisang wuta. Su kansu Turawan sun yi amannar cewa da hannunta a wannan juyi.

Daga nan mata da miji suka koma daji, yau suna nan gobe suna can, har yankin Meulaboh a gaɓar yamma.

Sabon salon kisa

A wannan tsakani Holan ta canza dabara. Akwai wani masaninsu, Snouck Hurgronje, wanda ya iya Larabci, ya shiga Makka a 1885 da sunan Abdul Gaffar. Ya zauna a Aceh daga 1891 zuwa 1892 yana nazarin mutanen, sa'annan ya ba gwamnatinsa shawara: a jawo masu sarauta a jiki, a murƙushe malamai da mabiyansu ba sassauci. Gwamna van Heutsz, wanda ya karɓi mulkin Aceh a 1898, shi ya aiwatar da wannan. Ya dogara da wata runduna da mutanen ƙasar ke kira Marsose, 'yan ƙananan ƙungiyoyi masu takobi da bindiga da ke bin mutane har cikin daji. Abin takaici, yawancin sojojin ba Turawa ba ne, mutanen Jawa ne da Ambon da sauran tsibirai, Turawa na ba da umarni kawai.

Ran 11 ga Fabrairu 1899, Teuku Umar na kan hanyar kai hari Meulaboh, wani ya tsegunta wa Turawa, suka yi masa kwanton ɓauna suka harbe shi. Cut Nyak Din ta sake shiga takaba tana da shekara 51. Ana ba da labarin cewa da 'yarta ta fashe da kuka, sai ta tsawatar mata, sa'annan ta rungume ta, ta tuna mata cewa wanda ya yi shahada ba abin yi wa kururuwa ba ne. Kada ki ɗauka ba ta ji zafi ba. Ta san idon sauran mayaƙa na kanta, in ta karaya a ranar, an watse ke nan. Ita ta karɓi jagorancin rundunar mijinta.

A Janairu 1903 Sarki Muhammad Daud Shah ya miƙa wuya bayan an kama iyalinsa an yi garkuwa da su. A cikin shekarar babban kwamanda Panglima Polem ya bi sahu. Idan kin tuna, a wannan shekarar ce Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Manyan maza sun ajiye makami, tsohuwa na nan cikin daji.

Abin da ya faru a 1904 kuwa sai an daure za a karanta. Wani hafsa mai suna van Daalen ya ratsa yankunan Gayo da Alas na tsawon wata 5, yana bin ƙauyuka masu ganuwa ɗaya bayan ɗaya. Bisa lissafin su Turawan da kansu, an kashe mutum kusan 2,900, fiye da 1,100 daga ciki mata ne da yara. A ƙauyen Kuta Reh kaɗai, ran 14 ga Yuni 1904, an kashe mutum 561: maza 313, mata 189, yara 59. Har hoto sojojin suka tsaya aka ɗauke su a kan ganuwa, gawawwaki na zube a ƙasa. Wasu 'yan majalisa a Holan sun yi tir da abin, amma me ya biyo baya? Van Heutsz ya zama Gwamna Janar na dukkan tsibiran a 1904, van Daalen ya zama gwamnan Aceh a 1905. Ingilar da ta buɗe ƙofa a 1871 ba ta ce uffan ba, haka sauran manyan ƙasashe, domin kowace na da irin nata aikin a wani wuri. An ƙiyasta mutanen Aceh da suka mutu a tsawon yaƙin tsakanin 50,000 da 100,000.

Kamawa

Shekara 6 Cut Nyak Din ta yi tana jagorancin 'yan tsirarun mutanenta a dazuzzukan da ke bayan Meulaboh. Abinci ya yi wuya, wani lokaci sai ganye da saiwa. Sanyin ƙashi ya kama ta har ta kai sai an ɗauke ta, idanunta suka dushe. Mutanenta na raguwa kullum, wasu yunwa, wasu harsashi.

Wani amintaccen kwamandanta, Pang Laot, ya kasa jure ganinta cikin wannan hali. Ya roƙe ta ta sallama ta sami magani, ta fatattake shi. Sai ya tafi a ɓoye ya gaya wa Turawa inda take, bisa sharaɗin ba za a wulaƙanta ta ba. A ƙarshen 1905 sojoji suka dira maɓoyarta a yankin Beutong. An ce ko a wannan hali ta zaro 'yar wuƙar nan ta mutanen Aceh da ake kira rencong, aka riƙe hannunta. 'Yarta Cut Gambang ta tsere cikin daji ta ci gaba da fafatawa, ita ma ta yi shahada a 1910.

To uwargida, me za ki kira abin da Pang Laot ya yi, tausayi ko cin amana? Shi dai yana ganin ceto ya yi. Ita kuwa ta fi son ta mutu a daji da 'yancinta. Wannan darasi ne gare mu a kan masu yanke mana hukunci a bayan idonmu da sunan suna son mu.

Baƙuwa a Sumedang

Aka kai ta Kutaraja aka yi mata magani, ta ɗan sami sauƙi. Nan da nan gidan da aka ajiye ta ya zama wurin ziyara, mutane na tururuwa. Turawa suka tsorata da makauniyar tsohuwa, a ƙarshen 1906 suka sa ta a jirgi zuwa garin Sumedang a yammacin Jawa, inda ba ta san kowa ba, ba ta kuma jin harshensu na Sunda. Ba a bayyana wa jama'a ko wace ce ita ba. Hakimin garin, Pangeran Aria Suriaatmaja, bai kai ta kurkuku ba, ya damƙa ta a hannun wani malami.

Ba a daɗe ba mutanen garin suka lura tsohuwar nan da ba ta gani sosai tana karanta Alƙur'ani da ka, ta kuma san addini. Mata da yara suka fara zuwa ɗaukar karatu, suna kawo mata abinci da sutura, suka sa mata suna Ibu Perbu don girmamawa. Dubi ikon Allah: an raba ta da ƙasarta, da 'yarta, da lafiyarta, amma karatun da ta yi tana yarinya a Lampadang ba wanda ya iya ƙwace shi, kuma shi ya sama mata dangi a baƙon wuri.

Ta rasu ran 6 ga Nuwamba 1908 tana da shekara 60, aka binne ta a maƙabartar Gunung Puyuh. Sai bayan kimanin shekara 50, da gwamnatin Aceh ta sa aka bincika, aka gane cewa Ibu Perbu ita ce Cut Nyak Din. Ran 2 ga Mayu 1964 Shugaba Sukarno ya sanya ta cikin gwarazan ƙasa. An yi fim a kan rayuwarta a 1988, an sa hotonta a takardar kuɗi ta rufiya 10,000 a 1998, an kuma sake gina gidanta na Lampisang ya zama gidan tarihi. Holan kuwa ba ta taɓa samun cikakken kwanciyar hankali a Aceh ba har Japan ta kore ta a 1942, kuma ba ta sake komawa mulkin yankin ba.

Abin ɗauka

'Yar uwa, ba a ce ki ɗauki wuƙa ki shiga daji ba, Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amma akwai abin da za ki ƙulla a bakin zane. Na farko, ilimin 'ya mace jari ne da wuta ba ta ci, don haka kada ki yi wasa da karatun 'ya'yanki mata, ke ma kada ki ce kin girma da zuwa Islamiyya. Na biyu, biyayya ga miji ba ta hana gaya masa gaskiya. In kin ga maigida ya karkata, ko a kan dukiyar haram ko a kan zaluntar wani, bakinki na iya zama sanadin dawowarsa, muddin kin haɗa da haƙuri da ladabi. Na uku, zalunci ba ya tafiya da ƙafar azzalumi shi kaɗai. Akwai wanda ya sa hannu a takarda, akwai wanda ya hana taimako, akwai wanda ya gani ya yi shiru. Ko a unguwarki, in ana cin zalin marainiya ko 'yar aiki a gidan maƙwabta kika kawar da kai, ki tambayi kanki a wane layi kike.

Allah Ya jiƙan Cut Nyak Din da matan Kuta Reh da 'ya'yansu, Ya kai haske kabarinsu, Ya ba mu zuriya mai kishin gaskiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.